Zancen Manya A Shirin Yara: Wanne Za A Bari, Wanne Za A Cire?

Ina gaida masu saurarenmu na cikin Gusau, tun daga Tudun Wada, Sabon Gari, Samaru har Damba, da mutanen Tsafe, da na Bungudu da Kwatarkwashi. Waɗanda data ba ta isa su saurari murya ba, ga shi nan a rubuce kamar kullum, sai a karanta a tura wa wasu.

Yau maganar ƙannenmu da 'ya'yanmu za mu yi. Tambayar ita ce: raha irin ta manya, da batutuwa masu nauyi, suna da gurbi a shirin talabijin na yara ko ba su da shi? Na san da yawa daga cikinku kun riga kun ce "a'a" a zuci tun kafin in rufe baki. To ku ɗan dakata. Abubuwa biyu ne aka ɗaure a ƙunshi ɗaya. Akwai barkwancin da ke da batsa a ɓoye, wanda babba zai ji ya yi murmushi. Akwai kuma magana mai nauyi, irin mutuwa, ciwo, tsoro, rabuwar iyaye, gudun hijira. Duka biyun ana ce musu zancen manya, amma ni a wurina hukuncinsu daban ne, kuma zan faɗi dalili.

Mu fara da gaskiyar gidajenmu. In ka ce "shirin yara" a Gusau, me kake nufi? A mafi yawan gidaje talabijin ɗaya ce, tana falo. In an kawo wuta ko an tada janareto, kowa nan yake taruwa, daga ɗan shekara huɗu har kakarsa. Masu satalayit suna kama MBC3 da Spacetoon, inda katun ke magana da Larabci. Da an jima a koma Arewa24, tashar da ta fara aiki a 2014, a kalli Daɗin Kowa ko Labarina. Waɗannan shirye-shirye ne da aka yi don manya, da maganar kishi, da saki, da bin malamai da bokaye, amma je ka duba su wa ke gaban tabarma. Yara ne.

In ka fita ƙauyukan Tsafe da Bungudu kuma, inda wutar ma sai a hankali, talabijin ɗin yaro ita ce wayar yayansa. A kai memori shagon masu turi, a cika shi da finafinai, a yi caji a shagon mai sola, da dare a jingina wayar a jikin bango yara goma su zagaye ta. Babu mai tambayar wane fim ne na wane shekaru. Abin da mai shago ya tura, shi za a kalla. Saboda haka a wurinmu duk abin da ya hau allo ya zama shirin yara, ko da waɗanda suka yi shi ba su nufa ba.

Sai kuma wani kuskure da ya zauna mana a kai, wai duk abin da aka zana yana motsi na yara ne. Uwa za ta leƙo ta ga katun, sai ta ce "to, alhamdu lillahi," ta koma kicin. Alhali tarihin katun bai ce haka ba. Tom and Jerry da muka tashi da shi, a 1940 William Hanna da Joseph Barbera suka fara shi a kamfanin MGM, kuma don gidajen silima aka yi shi, inda manya ke sayen tikiti. Shi ya sa za ka ga mage tana zuƙar sigari don ta burge budurwa. A 2006 ma, bayan wani mai kallo ya kai ƙorafi ga hukumar Ofcom a Birtaniya, sai da masu tashar Boomerang suka amince su yanke irin waɗannan wurare. The Flintstones da ya fito a 1960, kamfanin sigarin Winston na cikin masu ɗaukar nauyinsa, har 'yan katun ɗin suna yi masa talla. Ballantana The Simpsons na 1989, da South Park na 1997, da Family Guy na 1999, waɗanda tun asali na manya ne tsantsa. Amma a shagon turi duk babban fayil ɗaya ake zuba su, a rubuta masa "katun".

To, su waɗanda aka yi don yara fa, me ya sa ake cusa musu zancen manya? Amsar kasuwa ce. Yaro ba ya kai kansa silima, ba ya biyan kuɗin satalayit. Babba ne ke biya, kuma shi ke riƙe da rimot. In ya gaji zai sauya tasha. Don haka masu rubutu suke jefa masa nasa kason, su saka wata magana mai harshen damo wadda yaro zai ji ta wuce, uba kuma ya yi dariya. Fim ɗin Shrek na 2001 ya yi suna da wannan salo. Masu kare abin suna cewa ai yaron bai gane ba, kuma hakan yana sa iyaye su zauna su yi kallo tare da 'ya'yansu maimakon su bar su su kaɗai. Wannan batu na biyu yana da ƙarfi, ban raina shi ba. Zaman babba kusa da yaro lokacin kallo abu ne mai kyau ƙwarai.

Amma batun "bai gane ba" ne ban yarda da shi ba. Na farko, yaro ba ya bukatar ya gane magana kafin ya haddace ta. Duk wanda ke da ƙane ya sani, zai ji kalma sau ɗaya ya je ya maimaita ta a gaban baƙi, ko a islamiyya, kuma shi za a zane. Na biyu, wancan lissafi an yi shi ne don gidan da ke da yaro ɗaya ko biyu. Mu a tabarmarmu akwai ɗan shekara biyar, akwai ɗan tara, akwai 'yar sha uku. 'Yar sha ukun ta gane, ta ƙyalƙyale da dariya. Ɗan taran ya dube ta ya ce, "Yaya, mi aka ce?" Ko ta faɗa masa, ko gobe ya ji fassara a bakin abokai a bayan aji. Yaro yana karantar fuskar manya fiye da yadda yake karantar allo. Dariyar da kuka yi ita ce ta nuna masa akwai wani abu a wurin.

Sannan akwai namu na gida. Finafinan Indiya da ake fassarawa zuwa Hausa, yara sun fi kowa son su, saboda faɗa da kuma zaurancen masu fassara. Wasu masu fassarar suna kiyayewa, Allah ya saka musu. Wasu kuma sai su ƙara gishirin da babu shi a asalin fim ɗin, habaici a kan surar mace, ko zagin uwa da aka ɗan lanƙwasa. Da Turanci ko Larabci aka yi maganar, wataƙila ta wuce yaron. Da Hausa kuwa babu inda za ta ɓuya. Haka gajerun bidiyon barkwanci na TikTok, musamman waɗanda ake ɗauko yarinya 'yar shekara shida a ɗaura mata ɗankwali, a sa ta tana zancen kishiya da kwanan miji, mutane suna dariya suna cewa "kai, yarinyar nan da wayo." Wayon wa? Wani babba ne ya rubuta ya sa mata a baki don ya samu mabiya. Yarinyar za ta girma, bidiyon kuma yana nan.

Yanzu wani zai ce, to ai sai mu koma tatsuniya, zamanin da komai tsaf yake. Ku tuna da kyau dai. Me ke cikin tatsuniya? Dodo yana cinye mutane. Kishiyar uwa tana azabtar da marainiya, ta aike ta inda ake sa ran ba za ta dawo ba. Gizo maƙaryaci ne, ɓarawo ne, yana cutar Ƙoƙi matarsa. Akwai yunwa, akwai mutuwa, akwai zalunci. Wani Bature jami'in mulkin mallaka, Frank Edgar, ya tattara tatsuniyoyi da labaran Hausa cikin littattafai uku tsakanin 1911 da 1913, da yawansu daga wannan yanki namu na ƙasar Sakkwato, kuma a ciki akwai waɗanda ba za ka iya karanta wa ƙanenka ba. Kenan kakanninmu ba su ɓoye wa yara cewa duniya tana da haƙora ba.

Bambancin yana wurin mai ba da labarin. Kaka tana kallon fuskar jikokinta. In ta ga ƙaramin ya fara maƙalewa a jikinta, sai ta rage wa Dodo tsawon farce, ta gaggauta kawo mai ceto. In akwai wurin da bai dace da kunnen yara ba, ta tsallake, babu wanda ya sani. Tana da lokaci, bayan an ci tuwon dare, har ana tsorata yara cewa mai yin tatsuniya da rana ɓacewa yake yi. In an gama kuma yaro ya kwana a gefenta, ya yi tambaya ta amsa. Allo ba ya ganin fuskar kowa. Abin da zai nuna wa ɗan shekara ashirin, shi zai nuna wa ɗan shekara uku, da ƙarfi ɗaya, ko tsakar dare ne.

Haka tashe. In azumi ya kai goma, yara suna kwaikwayon zaman aure, da tsoho mai gemu, da boka mai magani, suna yi wa manya shaguɓe, kowa na dariya. Kaka tana kiran jikanta "maigida", kaka namiji yana kiran jikanyarsa "amarya". Wannan raha ce da ta taɓo duniyar manya, amma tana da iyakar da kowa ya sani. Su kuwa 'yan gambara, da aka san bakinsu ba shi da linzami, a kasuwa da wajen biki suke, kuma in sun fara, dattijo yakan kori yara daga wurin. Ko a addini, aya ta 58 a Suratun Nur ta ware lokuta uku da yaran gida za su nemi izini kafin su shiga wurin manya: kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin hutawa, da bayan isha'i. Wato akwai abin da yake halal ne ga manya, amma an sa labule tsakaninsa da idon yaro. To barkwancin batsa a shirin yara ɗage wannan labule ne. Shi kam ban ga gurbinsa ba, ko a ɓoye ko a fili.

Mu zo ga kashi na biyu, batutuwa masu nauyi. A nan ne nake rabuwa da masu cewa a bar yara da waƙar ABCD da tsuntsaye kawai. Jama'a, a Zamfara muke. Ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata daga makarantar sakandaren Jangebe, aka sako 279 ranar 2 ga Maris. A watan Afrilun 2023 aka sace mutum kimanin 80 a Wanzamai ta ƙaramar hukumar Tsafe, akasarinsu yara da mata da suka fita neman itace. A watan Satumban 2023 aka shiga Sabon Gida ta ƙaramar hukumar Bungudu aka tafi da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen da suke haya. Yaran da muke cewa a kare su daga magana mai nauyi, wasunsu sun kwana a gona saboda harbi. Wasu an sayar da shanun gidansu an biya kuɗin fansar mahaifinsu. Wasu suna zaune a kangon gini a Gusau, garinsu ya tashi.

Ku lura da wasan yara a unguwa. Da can 'yan sanda da ɓarawo ake yi. Yanzu ina ganin yara sun saɓa karan dawa a kafaɗa, an raba su gida biyu, waɗansu sojoji waɗansu 'yan bindiga, har da na tsakiya da aka kama ana cinikin kuɗinsa. Babu tashar da ta koya musu wannan. A hirar manya suka ji, a rayuwa suka gani. Yaro yana da tambayoyi cike da ciki, in ya yi sai a ce "yi mana shiru, ba maganar yara ba ce." To wa zai amsa masa? In gida ya yi shiru, talabijin ta yi shiru, waya ba za ta yi shiru ba.

Bari in ba ku misalin yadda wasu suka yi. A Amurka akwai shirin yara mai suna Sesame Street, tun 1969 ake yin sa. A ƙarshen 1982 wani dattijo da ke fitowa a matsayin mai shago, Will Lee, ya rasu. Suna iya cewa ya yi tafiya, ko su kawo wani ya maye gurbinsa. Sai suka zauna da masana halayyar yara, suka shirya kashi guda inda aka faɗa wa yara kai tsaye cewa ya mutu, ba zai dawo ba, kuma akwai waɗanda za su ci gaba da kula da su. Suka saka shi ranar 24 ga Nuwamban 1983, ranar hutu, da gangan, don iyaye suna gida su amsa tambayoyin da za su biyo baya. Ku duba wannan tsari: maganar gaskiya ce, da kalmomin da yaro zai ɗauka, an ba shi tabbacin ba shi kaɗai ba ne, an kuma zaɓi lokacin da babba ke kusa. Kusan abin da kaka take yi kenan.

A Afirka ta Kudu, a 2002, irin wannan shiri ya fito da wata 'yar tsana mai suna Kami, 'yar shekara biyar, mai ɗauke da cutar ƙanjamau, mahaifiyarta ta rasu. Manufar ita ce yara su daina gudun abokansu masu cutar. Da aka fara Sesame Square a NTA a 2011, Kami tana ciki, daga baya aka yi na Hausa mai suna Dandalin Sesame. Ƙanjamau zancen manya ne, amma babu batsa ko ɗaya a yadda aka kawo shi. Ku tuna kuma da 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana daka duwatsun zinariya a cikin gida, yara suna wasa a ƙurar. Shirin da zai ce wa yaro kada ka yi wasa inda ake niƙa dutse, ka wanke hannu kafin ka ci abinci, maganar mutuwa yake yi, kuma rai yake ceta.

Ni da za a tambaye ni, ga shirin da nake so in gani da Hausarmu. Yarinya ta zo sabon aji a Gusau daga ƙauyen da aka tasa, yara suna tsokanar ta da 'yar gudun hijira, har wata ta zauna kusa da ita ta raba mata fensir. Yaro yana firgita cikin barci tun da aka kai hari garinsu, wani babba ya gaya masa tsoro ba ragwanci ba ne, kuma abin da ya faru ba laifinsa ba ne. A koya wa yara cewa in wani, ko ɗan uwa ne, ya taɓa su inda bai dace ba, ya ce kada su faɗa, to su faɗa wa uwa. Duk wannan za a iya yin sa babu bindiga a allo, babu jini, babu gawa. Ku kwatanta da abin da suke gani yanzu: 'yan bindiga a TikTok suna baje damman kuɗi, da hotunan gawarwaki da muke turawa a WhatsApp mu bar wayar a hannun yaro. Wannan ma batu mai nauyi ne, sai dai babu mai riƙe hannun yaron, kuma wanda ya fito a gwarzo shi ne mai bindiga.

To hukuma fa? An gwada. Bayan Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoban 1999, ta fara aiki a Janairun 2000, an rufe gidajen silima a jihar. Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001, kuma a watan Mayun 2025 ta dakatar da finafinai masu dogon zango 22, har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa cewa ba a kai mata su ta duba ba kafin a saki. A matakin ƙasa akwai hukumar tace finafinai tun 1993, mai sa alamar shekaru: G na kowa da kowa, PG sai da babba a kusa, sai 12, 15 da 18. A Kenya ma, a 2017, hukumarsu ta hana nuna katun shida, ciki har da The Loud House da Steven Universe, bisa zargin suna tallata neman jinsi ga yara. Kowace al'umma tana da layin da take ja, kuma haƙƙinta ne.

Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, rufe ƙofa da ɓarawo ake yi. Silima ta rufe, ta dawo cikin aljihu. A watan Satumban 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara gaba ɗaya, kallo bai tsaya ba, don memori da Xender ba sa bukatar sabis. Su kansu manyan kamfanonin abin yana kuɓuce musu. YouTube ta fito da manhajar yara a 2015, amma a 2017 aka gano ɗimbin bidiyoyi da aka yi da fuskokin katun da yara suka sani, ciki kuwa tashin hankali ne da ƙazanta, wasu har sun tsallake matatar manhajar. A 2019 hukumomin Amurka suka ci kamfanin tarar dala miliyan 170 kan tattara bayanan yara ba da izinin iyaye ba. In mai manhajar bai iya tsare ta ba, wane jami'i ne zai zo daga Abuja ya duba memorin da ke Nahuce? Mai tacewa na gaskiya shi ne wanda ya miƙa wa yaro wayar.

Kuma wannan mutumin, yawanci, mu ne. Mu yayye, mu kawunnai, mu gwaggonni matasa. Iyayenmu da yawa ba su san mene ne South Park ba, mu mun sani. Don haka ga ma'aunin da nake amfani da shi, tambaya uku ce. Ta farko, wannan magana don wa aka saka ta, don yaron ya amfana ko don babba ya yi dariya ta bayan kansa? Ta biyu, in yaron ya maimaita ta gobe a gaban mahaifinmu, zan iya ɗaga kai? Ta uku, in shirin ya ƙare, yaron zai tashi da abin da zai taimake shi, ko da tsoro da ruɗani kawai? Shirin da ya yi maganar mutuwa yana iya tsallake ukun nan. Katun mai kala-kala da waƙa mai daɗi yana iya faɗuwa a ta biyu.

Sai abubuwan yi, ba masu wuya ba ne. In ka kai memori shagon turi, ka ce a ware maka na yara daban, ka kuma zauna ka ɗan leƙa kowanne kafin ka ba su. Masu shagon turi da ke saurare, don Allah ku raba fayil ɗin katun gida biyu, ku ma kuna da ƙanne. Kada a miƙa wa yaro waya da TikTok a buɗe, su kansu masu manhajar sun ce sai ɗan shekara 13. Bidiyon hari ko na gawa, in ka gani ka goge, kada ya kwana a wayar da yara ke taɓawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa jariri kada a ba shi allo sam, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Na san a gidan da uwa ke girki da wanki da goyo wannan yana da wuya, amma a san inda ma'aunin yake. Mafi girma duka, in wani abu ya fito a allo kun ga yaro ya yi tsit, kada a sauya tasha kawai a yi kamar ba a gani ba. A tambaye shi me ya fahimta. Za ku sha mamakin amsar.

Ku kuma masu basira na Zamfara, masu ɗaukar bidiyo, masu zane, masu murya, ga kasuwa nan babu kowa a cikinta. Adamu Waziri ya fara Bino and Fino a Abuja don yaran Najeriya su ga masu kama da su a katun. Kamfanin Ubongo na Tanzaniya yana yin Akili and Me da Ubongo Kids, har an mayar da su Hausa. Mu muna da Gizo da Ƙoƙi, muna da dutsen Kwatarkwashi, muna da yara masu labarin da babu wanda ya taɓa ba su shi da yarensu. Da waya ɗaya da 'yan tsana na tsumma za a iya farawa. A tuntuɓi malaman firamare da ma'aikatan lafiya kafin a taɓa batu mai nauyi, a gwada shi a kan yara kaɗan a ga yadda suka ɗauka. Gidajen rediyo da talabijin na Gusau su ma su ware wa yara lokaci tsayayye da iyaye za su sani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a halin yanzu masu tanƙwara namu ba su san sunansu ba ma.

A nan zan dakata. Ina son jin naku a wurin sharhi: wane shiri ne kuka kalla kuna yara, sai da kuka girma kuka gane abin da ake nufi? Kuma ku da ke Tsafe da Bungudu da sauran garuruwan da abin ya shafa, in ƙanenku ya tambaye ku me ya sa aka tafi da wane, me kuke ce masa? Ku rubuto, za mu karanta wasu a shiri na gaba, ba tare da ambaton suna ba. Allah ya shirya mana zuri'a, ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da Arewa baki ɗaya. Sai mun sake haɗuwa, wassalamu alaikum.